Bishiyar Bayan Ɗakin Inna Mairama

Ni dai gyaran injin yanka itace nake yi, ba na yanka. Ƙanena Usumanu ne mai yanka. Aikina shi ne idan ya kashe inji ya kawo mini in tashe shi, in yi masa faɗa, ya ce "to Yaya", ya fita ya sake yin abin da na hana shi. A haka muke tun da ya fara riƙe inji, ga shi har ya yi gemu ya ajiye 'ya'ya, amma kunnen ƙashin yana nan.

Ranar da abin ya faru, farkon daminar shekarar 2004 ne. Ina shagona a Anguwan Rogo ina wanke kafireto, sai Salma mai wayar kuɗi ta ƙwala mini kira daga ƙarƙashin lemarta, ta ce ana nemana daga Bukuru. Lokacin wayar hannu ba ta kai aljihun irinmu ba tukuna. Na goge hannu a wando na karɓa.

"Yaya Datti, itace ya zauna mini a kan inji."

"To ka buga weji ka ɗaga shi mana. A kan wannan ne za ka tashe ni daga aiki?"

 Usumanu da bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci, shi ne ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke.

"Ka zo kawai, Yaya. Ka taho da sifana."

Ban sake tambaya ba. Na rufe shago, na ɗauki jakar kayan aiki, na shiga bas ɗin Bukuru.

Gidan wata tsohuwa ce, Inna Mairama, a bayan kasuwa, cikin tsofaffin gidajen leburorin kuza. Haƙar kuza ce ta kawo mijinta garin, ya rasu ya bar mata ciki da falo na ƙasa da rufin kwano mai tsatsa. Ɗa ɗaya ta haifa, shi ma ya riga ta. Ƙuliƙuli take soyawa a tsakar gida tana ci da kanta, kuma ban da wannan ɗakin ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta a duk faɗin Filato. A bayan ɗakin akwai bishiyar turare, irin waɗanda aka dasa tun zamanin kamfanonin kuza, mai kaurin da mutum biyu ba za su zagaye ta da hannu ba. Duk damina sai ta jefo wa tsohuwar reshe a kan kwano. Bara wani reshe ya huda rufin ya faɗo kusa da gadonta, shi ne ta ce a nemo mata wanda zai sare ta kafin iska ta tashi, don ta tsira da ɗakinta.

Ina isa na tsaya na dubi wurin. Gabas da bishiyar fili ne, sai wani tsohon ramin kuza da ya zama kududdufi. Nan Usumanu ya so ya kwantar da ita. Yamma ɗakin Inna ne, kuma can manyan rassa suka fi rinjaya. Arewa bangon masallacin unguwa. Kudu kuwa gidan wata mata ce mai suna Firisila, dogon gidan haya mai ɗakuna a jere, cike da mata da ƙananan yara, ga wayar wuta ta bi ta samansa.

Injin yana nan maƙale a gindin bishiyar, ƙasa-ƙasa, kusan yana taɓa ƙasa. Dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda ni takobi nake ce masa, ya shige cikin itacen har gindinsa, bishiyar ta danne shi. Ina ganin inda ya yi yankan na san abin da ya faru, kuma raina ya ɓaci.

Su masu yankan nan ba a ba su ladan aiki a hannu. Mai gida ya rabu da bishiya, mai inji ya kwashe itacen ya tsaga katako, shi ke nan an rabu lafiya. Saboda haka duk taƙin da suka bari a kan kututture gani suke kamar an yanke shi daga jikinsu. Za ka ga ƙato ya durƙusa, wani ma har ya tone ƙasa da fartanya, don dai ya yanka daga can ƙasa ya samu ƙarin tsawon katako. To gindin tsohuwar bishiya kuwa nan ne gara take shiga, nan mata suke tara shara su cinna wuta shekara da shekaru. Da ya yanka daidai ƙirjinsa, da itace mai lafiya ya samu. Ya sauka ƙasa, ya faɗa cikin rami.

Na durƙusa na ɗebo abin da sarƙar ta zubar, na nuna masa a tafin hannuna.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasa ce, Yaya."

"Ƙasa! Itace mai lafiya ɓarɓashi fari yake fitarwa, mai kauri. Ka ga jar ƙasar gara tana fitowa daga cikin bishiya, ba ka tsaya ba? Ka buga jikinta da bayan gatari ka saurara kafin ka fara?"

 Ya yi tsuru-tsuru, zufa tana bin wuyansa duk da sanyin Bukuru.

Ya riga ya yi baki ta gabas, wato ya cire tsagin da bishiya ke bi ta faɗi, sannan ya zaga ta yamma ya shiga yankan baya. A ƙa'ida ana barin wani yanki a tsakiya ba a yanka ba, shi ne yake riƙe bishiya yana jagorantarta har ta kwanta inda ake so. To nan tsakiyar babu komai sai gidan gara. Da ya buga weji, wato ƙarfen da ake cusawa a tsagi don ɗaga itace, sai ya nutse cikin ruɓaɓɓen itace kamar a cikin tuwo, bishiyar kuma ta koma da baya ta zauna a kan takobin. Abin da ya rage yana riƙe da wannan uban nauyi ɓawo ne guda biyu, ɗaya ta arewa, ɗaya ta kudu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba.

Inna Mairama ta fito da kofin ruwa ta miƙo mini. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, hannunta duk tabon man gyaɗa.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Kai ne wan nasa mai gyara? To Alhamdu lillahi. Ya ce da ka zo an gama."

Na dubi Usumanu, ya sunkuyar da kai. Na sha ruwan don kawai in samu abin yi da bakina.

Abu na farko da na iya shi ne ceton injin. Idan itace ya kama maka takobi, kada ka yi kokawa da shi, kada ka jijjiga, za ka lanƙwasa ƙarfe ne a banza ko ka jawo bishiyar a kanka. Notuna biyu ne a gefe suke riƙe da murfi. Ka kwance su, ka cire murfin, ka zare sarƙa daga kan haƙoran da ke juya ta, sai kan injin ya biyo ka, ka bar wa itace takobinsa. Na yi wannan aikin sau ba adadi a kan teburin shagona, amma ban taɓa yin sa a durƙushe ƙarƙashin bishiyar da ke numfashi ba. Duk lokacin da 'yar iska ta kaɗa, sai in ji wata ƙara a cikinta, ƙir, ƙir, har cikin haƙorana. Sifanar ta suɓuce mini ta faɗa cikin ƙasa, na laluba na ɗauka. Da kan injin ya fito na rungume shi na ja da baya da gindi, ban damu da masu kallo ba.

Inji ya tsira, amma ba shi ne abin da ya tara mu ba.

Na ce wa Usumanu ya koma wurin mai waya ya aika a kira Oga Chuwang daga Anguwan Rukuba. Chuwang shi ya koya masa yanka, suka yi shekaru tare kafin Usumanu ya ga ya isa ya ware. Ya fara noƙewa, wai da wane ido zai dube shi. Na ce idan bai tafi ba zan fasa masa baki da sifanar nan a gaban jama'a. Ya tafi.

Kafin Chuwang ya iso, wani daga cikin 'yan kallo ya ce akwai katafila mai dogon hannu a wani ramin yashi a bayan gari. Gaskiya ne, da za ta zo ta ɗora hannunta a jikin bishiyar daga sama ta tura gabas, da an gama magana. Na hau acaɓa muka tafi. Na tarar da direbanta, wani mai suna Gyang, zaune a inuwarta yana cin rake, hannun katafilar kuma a kwance a ƙasa, ga mai ya yi tafki a ƙarƙashinsa.

"Oga, tiyo ya fashe tun jiya," in ji shi. "An kai a matse sabo a cikin gari, sai gobe ko jibi."

Na roƙe shi, na gaya masa halin da ake ciki. Mutumin kirki ne, ya yar da raken ya ce in gwada abin da zan iya. Tiyon da ya fashe sun tafi da shi, sai wani tsoho da muka tono a cikin akwatin kayansa, shi ma da tsaga a jikinsa. Na san sarai cewa man da ke ɗaga hannun katafila yana tafiya ne da ƙarfin da roba da waya ba za su riƙe ba. Na sha gaya wa mutane haka, na sha yi wa masu yin hakan dariya. Amma na zauna na naɗe tsagar da robar tayar mota, na ɗaure da waya, na matse da kilif har yatsuna suka yi jini. Gyang ya zuba ɗan man da ya rage, ya ce kowa ya matsa nesa, ya tayar da ita. Hannun ya ɗaga daga ƙasa kamar tsawon gwiwa, har na fara cewa Allah mun gode. Sai tas! Mai ya yi tsiri sama, hannun ya koma ya daki ƙasa. Gyang ya kashe inji ya leƙo ta taga, ya buɗe tafin hannunsa biyu kawai.

Da na dawo, na tarar jama'a sun yi nasu shirin ba tare da sun jira kowa ba. Sun aro igiyar ɗaure kaya daga wani direban babbar mota, sun ɗaura dutse a zare sun jefa ta kan wani reshe, sun ja igiyar ta hau. A ƙa'ida tun kafin a taɓa bishiya da inji ake hawa a ɗaure igiya can sama a jikin gangar bishiyar, a kuma rage rassan da ke ɓangaren gida. Yanzu kuwa babu mahaukacin da zai hau bishiyar da aka yanke gindinta. Reshen da suka samu na ƙasa ne, kuma kowa ya san reshen turare ƙaryar ƙarfi gare shi.

Na ɗaga murya na ce su tsaya, amma wa zai ji ni? Maza sun cika fili, mahauta daga kasuwa, 'yan acaɓa, 'yan hayan gidan Firisila, har da ladanin masallaci ya naɗe hannun riga. Kowa yana son tsohuwar. Wani ya ba da murya, suka ja gaba ɗaya. Kan bishiyar ya girgiza, ganye ya zubo. Suka sake ja. A ja na gaba reshen ya karye, mutane suka zube a kan juna, bishiyar ta yi gaba kaɗan ta dawo baya da dukan nauyinta. Muka ji wata ƙara daga gindinta kamar an harba bindiga.

Na lallaɓa na leƙa. Ɓawon arewa ya tsage, saura zare-zare. Na kudu ne kaɗai ya rage da ƙarfi. Na san bishiya tana bin ɓangaren da ya riƙe ta ne, kuma kudu gidan Firisila ne.

Ana cikin haka Oga Chuwang ya sauka daga acaɓa, da wani dogon abu naɗe cikin buhu a kafaɗarsa. Dattijo ne gajere mai furfura, kafaɗarsa ɗaya ta sauka saboda shekarun ɗaukar inji. Takobi da sarƙa kawai ya kawo. Ya ce nasa injin ya ƙone tun makon jiya, fetur ɗin bakin titi da aka gauraya da kananzir ya cinye masa fistin. Bai gaisa da kowa ba. Ya zaga bishiyar daga nesa, ya durƙusa ya leƙa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassan. Sannan ya juya ya dubi gabas, mu ma muka duba. Hadari ya fara haɗuwa a bayan duwatsu, baƙi ƙirin, kuma a garin nan iskar farkon damina daga can take zuwa.

"Usumanu," in ji shi a hankali, "haka na koya maka?"

Usumanu ya durƙusa a gabansa. Chuwang bai ƙara masa ko kalma ba, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Na ja shi gefe. "Oga, idan muka haɗa takobinka da injinmu, ba za a sake sabon yanka a sama ba, inda itacen ke da lafiya, a buga weji a tura ta gabas?"

Ya girgiza kai. "Datti, weji yana tura sama, yana tura ƙasa. Ƙasan nan babu komai. Ka buga guduma sau ɗaya, gindi zai fita, ya kashe mai buga. Wannan itace ya riga ya faɗi, ƙasa ne kawai bai kai ba."

"To a tokare ta da ƙarafa har gobe, katafila ta zo."

"Ka duba sama. Gobe yana ina?"

 Duk abin da na kawo, ya riga ya auna shi ya ajiye.

Ya ce abu biyu ne suka rage. Ko a bar ta iska ta yi hukunci, kuma yadda ɓawon kudu ya riƙe ta, zai fi yiwuwa ta juya ta bi ta kan gidan haya da wayar wuta, ta share ɗakunan mutane a jere. Ko kuma a yi mata sabon baki a sama ta yamma, inda nauyinta yake so dama, a kwantar da ita a miƙe tun iska ba ta iso ba. Yamma kuwa babu komai sai ɗakin Inna Mairama.

"Ni ba zan gaya masa ba," in ji Chuwang, yana nufin tsohuwar. "Ku ne kuka fara aiki."

Usumanu ba ya cikin hayyacinsa, saboda haka ni na tafi. Tana zaune a kan turmi a ƙofar gida, Firisila tana tsaye kusa da ita da goyon jikarta. Na durƙusa. Wallahi na fi son a ce in koma ƙarƙashin bishiyar da sifana. Na yi mata bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba, ban kuma iya kallon fuskarta ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ni fa don ɗakin na ce a sare ta."

"Na sani, Inna."

"Kuma an ce kai kana gyara komai."

"Inji nake gyarawa, Inna. Wannan ya fi ƙarfina."

"Idan aka bar ta, ba mamaki Allah ya tsayar da ita?"

"Ba mamaki. Amma idan ba ta tsaya ba, ba mu san inda za ta bi ba."

Ta juya ta dubi Firisila. Shekarunsu da yawa suna maƙwabtaka, katanga ɗaya ta raba su. Hawaye ya zubo wa Firisila.

"Mama, ni ba zan ce komai ba. Kada ki tambaye ni. Ko me na ce, ba zan iya zama da shi ba."

Inna ta daɗe tana kallon dogon gidan hayar. An riga an fito da yaran an tara su can bakin hanya, matan suna ta jan katifu da buhunan abinci, wata tana kuka tana kiran sunan mijinta da ya tafi aiki. Iska ta fara kaɗawa mai sanyi, mai ƙanshin ruwa, ledoji suka tashi sama. Bishiyar ta yi wannan ƙarar tata, kowa ya ɗaga kai.

"A fitar mini da kayana," in ji ta.

Ba a daɗe ba aka gama, don kayan ba su da yawa. Gadon ƙarfe, akwatin kwano, kwallaye, kaskon suya, buhun gyaɗa rabi, tabarmar salla. Mutane suna shiga da gudu suna fita da gudu, kowa idonsa a sama. Wani ya ce a ɓalle kwanon rufin ko za a tsira da shi, Chuwang ya ce duk wanda ya hau rufin nan shi ba ruwansa da gawarsa. Wani kafinta ya kawo guduma zai cire ƙofa, Inna ta ce ya bari. Ta shiga ita kaɗai, muna ta kiranta, ta ɗan jima, ta fito. Ta ja ƙofar ta rufe, ta sa kwaɗo ta kulle kamar mai tafiya kasuwa, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Babu wanda ya ce mata don me.

Ni kuma na shimfiɗa buhu a ƙasa na haɗa injin. Na ɗora takobin Chuwang, na zagaya sarƙa, na tabbata haƙoranta suna kallon gaba, na ja ta daidai yadda za ta ɗago kaɗan ta koma. Na bi haƙoran da magagari ɗaya bayan ɗaya, don sarƙa mai dakushi ita ce ke sa mutum ya daɗe a ƙarƙashin itace. Na duba fulogi, na cika man sarƙa, na zuba fetur ɗin da na gauraya da man inji da hannuna. Hannuwana suna yin aikinsu yadda suka saba, tsaf, ba kuskure, ni kuwa ina jin haushinsu.

Chuwang ya miƙo hannu zai karɓa. Usumanu ya tashi ya riga shi.

"Oga, ni na fara."

Chuwang ya dube shi, ya dubi tasa kafaɗar da ba ta da sauran ƙarfi, ya bar masa. Ya ɗauki gawayi ya zana masa a jikin bishiyar inda zai yi baki da inda zai shiga ta baya, daidai ƙirji, ya nuna masa hanyar da zai bi ya gudu, ya sa aka share duwatsun da ke kanta. Ya ce da ya ji ta motsa ya saki komai ya tafi, kada ya waiwaya.

Aka kori kowa zuwa bakin hanya. Inna ta tsaya a can cikin kayanta, ta ba gidan baya. Firisila ta riƙe mata hannu.

Usumanu ya ajiye injin a ƙasa, ya taka shi da ƙafa, ya kama igiyar tayarwa. Tun da na fara wannan sana'a ban taɓa roƙon Allah inji ya ƙi tashi ba sai ranar. Na ce ya Allah ka sa fulogi ya jiƙe, ka sa igiyar ta tsinke, ka sa wani abu, ko mene ne, don dai kada ya zama da hannunmu. Ja ɗaya ya tashi.

Ɓarɓashi fari ya riƙa fita, mai kauri, itace mai lafiya. Ya cire bakin, ya zaga baya. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a hannu. Bai yi nisa da yankan baya ba kan bishiyar ya fara tafiya, a hankali da farko, har ka ce za ta fasa. Chuwang ya daka tsawa, Usumanu ya saki inji ya ruga. Ta tafi a miƙe, daidai inda aka zana mata, ko taƙi ba ta kauce ba. Kwanon ya yi wata irin ƙara, bangon ƙasa ya buɗe biyu, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu, jar ƙura ta turnuƙe wurin.

Ƙurar ta lafa. Sama ta buɗe fayau a inda bishiyar take, wurin ya zama kamar ba unguwar ba. Usumanu yana zaune a ƙasa can gefe, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Iskar da muke tsoro ta iso da ƙarfinta, tana kaɗa rassan da ke kwance a kan abin da ya rage na ɗakin, ruwa ya sauko.

Inna ba ta juya ba har yanzu. Ta matse hannun Firisila.

"Ta taɓa naku?"

"A'a, Mama. Ko kwano ɗaya."

"Yaran duk suna nan?"

"Suna nan, Mama."

"To," in ji ta. "To."

Sai ta zauna a ƙasa cikin ruwan, kusa da kaskon suyarta. Mata suka yi kanta. Ni ina tsaye da sifana a hannu, na duba ko'ina na rasa abin da zan kama, sai na ɗauki buhun da aka naɗo takobi na rufa wa gyaɗarta kada ta jiƙe.